Baba da Takardarsa a Juye

Jama'a, yau na ga abin da ya hana ni cin abincin rana!

Da hantsi na leƙa garinmu Balan in gai da Baba. Na same shi a zaure yana tilawa, murya raɗau. Ina durƙusawa sai na ga takardar hannunsa a juye take! Sama a ƙasa!

Na ce, "Baba, ai a juye kuka riƙe ta."

Ya sauke takardar. Can ya ce, "Rage murya, Habu. Tun damina baƙaƙen suka daina fito mini. Da ka nake karantawa. Kada ka gaya wa ƙannenka."

To, ga shi na gaya muku! Musamman kai Sani. Tun bara nake cewa a saya masa tabilet, babbar wayar nan da ake ƙara wa rubutu girma. Kai kuma kullum, "Yaya, a jira, sabuwa na nan fitowa." Idon tsoho zai tsaya jiran kamfani ne?

Na hau babur sai kasuwar Gaya. Mai shagon ma ya fara, "Alhaji, da ka ɗan dakata, sababbi na hanya."

Na ce, "Ni ba Alhaji ba ne. Miƙo waccan."

Na koma, na buɗe masa karatun, na ja baƙaƙen da yatsa har suka yi manya-manya. Baba ya kai ta dab da hancinsa.

Sai ya ce, "Ga su nan! Matsa, ka cika ni da numfashi."

Sani, in sabuwar ta fito, ka saya wa kanka.