Yadda Na Ƙirga Tungarmu

Tungarmu ba ta da tsakiya. Idan baƙo ya ce a kai shi cikin gari, sai mu dubi juna, don babu inda za mu kai shi. Gida uku nan, gida biyu can bayan gonar gero, wani shi kaɗai a gindin gawo, sai ka yi tafiyar da za ka ji a ƙafarka kafin ka hango rumbun na gaba. Kakanninmu sun baro Safo ne neman gona, kowa ya kafa bukka a bakin abin da ya sare, muka gaji nisan tare da ƙasar. Ni dai haka nake son wurin. Ka ɗaga murya ka yi sallama, a amsa maka daga inda ba ka ganin kowa.

Ruwa kaɗai ya dame mu. Tabkin Madarumfa labarinsa muke ji. Rijiyarmu kuwa tana ƙafewa tun bazara ba ta yi nisa ba, daga nan sai mata su ɗora jarkoki a amalanken jaki, su fita da hantsi su dawo bayan azahar.

Wata shekara na zo hutu daga lekol ɗin da nake koyarwa, sai mai gari ya aiko kirana. Ya ce an sanar daga meri, wato ofishin magajin gari, cewa wata ƙungiya za ta haƙa famfo, amma sai a ƙauyen da mutanensa suka kai wani adadi.

"Mushe, kai ka iya alƙalami," in ji shi, don haka ake kiran malamin lekol a wajenmu. "Ka zagaya ka rubuto mu duka."

Ba zan ɓoye ba, kaina ya kumbura. Na sayi sabon kaye na rubutu, na ja layi da rula, na shiga gida gida kwana huɗu. Duk inda na je sai an ba ni fura, sai an tambayi lafiyar birni, sannan in juya wajen uwar gida in ce, "Ɗiya nawa gare ki?" Ta faɗa, in rubuta. Gidanmu ne kawai ban tambaya ba, daga kaina na cika shi.

Da na haɗa lissafi, sai muka gaza da mutum goma sha tara. Na sake haɗawa har sau uku, bai motsa ba. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na yi ta faɗa ni kaɗai, na zargi 'yan ci-rani, na zargi kakannin da suka watsa mu cikin daji.

A haka Gwaggo ta same ni, yayar mahaifina, wadda ta riƙe ni tun da aka yaye ni. Ta saurari ƙorafina har na gaji, sannan ta ce, "Wa ka tambaya?"

"Iyayen ɗiya mana, Gwaggo. Wa zan tambaya?"

Ta yi dariya har ta riƙe ciki. "Duk karatun nan naka! Tashi ka tahi ka tambayi uwarka, ka dawo ka gaya mini."

Na tarar da Inna tana sheƙar gero a bayan ɗaki. Na tsuguna, na buɗe kaye kamar baƙo, na ce, "Inna, ɗiya nawa gare ki?"

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Biyar."

Mu shida ne. Ta fara daga ƙanena, ta gangara har auta, ta ci gaba da sheƙarta. Ga ni tsugune a gabanta da gemuna.

Abin ba sabo ba ne a wurina. Ni ne ɗan fari, tunda nake ban taɓa jin sunana a bakinta ba, kuma ban taɓa jin haushi ba, don kunyar ɗan fari kowa ya san ta. Abin da ban yi tunani ba shi ne za ta biyo ni har cikin kaye. Kowace uwa ta tsallake nata na farko. Kaka ko gwaggon da ke riƙonsa kuma ba ta saka shi ba, don a ganinta an riga an rubuta shi a gidan ubansa. Haka suka faɗa tsakanin gida biyu, wasunsu ma su suka miƙo mini furar da na sha.

Washegari Gwaggo ta hau amalanke ta ce in ja. Ba ta tambayi uwa ko ɗaya ba. Maƙwabciya take tambaya yawan ɗiyan maƙwabciyarta, in uwar tana kusa sai ta juya baya ta kama wani aiki. Mata suka samu abin yi da ni. Wata tsohuwa ta ce in duba da kyau ko na rubuta kaina. Na sha tsiya kwana biyu, kuma na ji daɗinta, don kowane suna da ya ƙaru ina jin sa har cikin raina. Muka cike sha taran, har da ragowa.

Sai bayan kaka aka zo da injin haƙa. Ranar da ruwan ya fito, duk tungar ta hallara, na ga fuskokin da rabona da ganinsu wuri ɗaya tun sallar bara. Ina tsaye gefe cikin rana, ban samu shiga ba saboda turmutsutsu. Na hango Inna ta kutsa ta tara ƙwarya har ta cika. Ba ta sha ba. Ta miƙa wa autarmu, tana duban wani wajen, ta ce da ƙarfi yadda kowa zai ji:

"Miƙa ma wancan mai takarda. Tun ɗazu yake cikin rana."

Na karɓa da hannu biyu. Ruwan da ɗan ɗumi, da ƙanshin sabon ƙarfe, na shanye shi tas.