Kwana Biyun da Na Rage wa Usman

Shekara shida ke nan da rasuwar aminina Usman, har yau kwana biyu na tsaye mini a rai. Biyar ya roƙa, na ba shi uku.

Ni kekuna nake sayarwa a unguwar Sharafiyya. Shi direba ne a unguwar Safa, Bahaushen Sudan, ɗan ma'aikacin layin dogo. Da kafilinsa, ubangidan da ya tsaya masa, ya ƙi sabunta masa iƙama, wato takardar zama, zamansa a ƙasar nan ya rage wata guda, abu ɗaya ya nema: mu bi tsohon layin dogon arewacin Madina a kan keke, har wata tasha da ya ji labarinta cikin duwatsu. Na ce hutun makaranta ake, kasuwata ta buɗe. Na yi ta tayawa kamar mai sayen kaya, ya sallama a uku.

An kwashe ƙarafan layin tuntuni, sai tudun da aka shimfiɗa su a kai. An yi ruwa a makon, kwarin da layin ya bi ya zama fadama, ga ciyawa ga tsuntsaye. Inda yashi ya yi yawa mu sauka mu tura. Rana ta biyu na ga layin ya yi dogon zagaye ta gindin dutse, na yanke ta fadamar. Na nutse har gwiwa, ni da keken. Usman ya zauna bisa tudu yana dariya har da tari.

"Alhaji, waɗanda suka shimfiɗa wannan sun gama ciniki da dutsen tun ba a haife ka ba. Kai ne za ka nemi ragi?"

Hanyar lafiya a bi ta da shekara. Rabin yini muka ɓata wajen wanke sarƙa. Washegari na ce mu juya, shago na jira. Halas kawai ya ce, wato shi ke nan. Ba mu kai tashar ba. Bayan wata takwas aka bugo mini daga Kassala, can Sudan. Allah Ya jiƙansa.

Yanzu matasa sun cika bakin teku da kekuna masu tsada, wasu a wurina suka saya. Na san da Usman na raye zai yaba kekunan, sannan ya tambaye su ina suka taɓa zuwa da su.

Bai bar gida ko mota ba. Abin da ya bar mini shi ne, in aboki ya nemi lokacina, na daina tayawa. Kwana ukun nan zan iya ba da labarinsu awa-awa. Biyun da na ƙwato a shago na yi su, kuma wallahi ban tuna ko taya ɗaya da na sayar ba.