Ranar da Tef Ɗin Awo Ya Shiga Tukunya

Labarin da ke yawo a layinmu shi ne wai 'yar goggona, tela, ta dafa tef ɗin awonta a cikin miya ta zuba wa mahaifiyarta. Wai tsohuwa ta yi ta zuƙa tana zaton taliya ce, sai da ta haɗiye inci goma sha huɗu kafin wani ya hango lamba tana reto a bakinta. Wai har yau in likita zai auna tsayinta, baki kawai yake cewa ta buɗe.

To jama'a, ƙarya ce. Ni zan fi kowa sani, don ni na ƙirƙiro ta. Inci huɗu na ce, mutanen layi suka yi gyara da goma. Gaskiyar magana tef ya shiga tukunya, da idona na gani, amma ba wanda ya ci shi.

Almakashi muke kiranta, rabi don sana'arta, rabi don bakinta. Ni ɗan kawunta ne, direban motar haya, kuma tun muna yara aikina a duniya shi ne tsokanarta. Shagonta ɗaki ɗaya ne a bakin titi: keken ɗinki biyu, madubi mai tsaga a gefe, buhun ƙyallaye a ƙarƙashin tebur, da benci a bakin ƙofa. Wannan benci na Goggo ne, mahaifiyarta. Nan take zama tun safe tana gaisawa da duk mai wucewa, har da waɗanda ba su shirya gaisuwa ba. Bayan shagon akwai ɗaki biyu, can suke kwana.

Almakashi tana shekara goma sha uku mahaifinta ya rasu, ta hau keke. Lokacin da sa'o'inta ke koyon yanka albasa, ita tana koyon sa zif. Hannunta a ɗinki ba a magana, in ta kalle ka sau ɗaya ta san faɗin kafaɗarka. Amma girki? Almakashi ce kaɗai na sani da ta taɓa ƙona ruwan zafi. Mijinta direban babbar mota ne, a hanya yake cin abinci, ni a ganina shi ya sa auren ya yi ƙarko.

Tun da hannun Goggo ya fara rawa ta daina shiga kicin, abincin gidan daga tsallaken titi yake zuwa, wajen mai sayar da abinci, Mai Ludayi. Kula biyu da rana, kula biyu da yamma, shekara da shekaru. In na tsokani Almakashi sai ta ce, "Ɗan Kawu, kowa da kiwon da ya karɓe shi. Mai Ludayi ba ta ɗinka wa kanta riga, ni don me zan dafa wa kaina shinkafa?" Aji huɗu na tsaya a boko, ba a kai ga koya mana amsar wannan ba.

Sai ciwo ya zo. Jinin Goggo ya hau, ƙafa ta kumbura, ta yi sati biyu a asibiti. Ranar sallama likita ya yi magana ba dariya: ba gishiri, ba dunƙule, mai ɗan kaɗan, abincin saye kuwa ko ƙanshinsa. Ya ce ta rame da yawa, a dawo da ita bayan wata ɗaya ya ga ko ta farfaɗo.

A nan Babban Yaya, wan Almakashi, ya gyara tabarau. Shi ma'aikacin ofis ne, yana zaune can wani gari a bene hawa na huɗu, da mai aiki mai dafa musu abinci.

"Wata ɗayan nan shi ne wa'adi," ya ce. "In ba ta ƙaru ba zan zo in ɗauke ta. Ba faɗa ba ne, ƙanwata, kin san ba ki iya ba."

Goggo ta ce, "Can sama kamar tantabara? Da wa zan riƙa gaisawa, gajimare?"

Muka yi dariya. Amma a mota, ta madubi, na gan ta tana share ido da bakin mayafi. Almakashi ma ta gani.

Satin farko, Allah kada ya maimaita. Tukunya ɗaya ta shinkafa, yanayi uku: sama ɗanya, tsakiya ta caɓe, ƙasa gawayi. Waken da ta dafa na ɗauki ƙwaya ɗaya na jefi ƙofar kwano, sai da maƙwabci ya ce "Waye?" Goggo kuwa, mai kunyar 'ya'yanta, cokali biyu za ta yi ta ce, "Alhamdulillahi, na ƙoshi, Allah ya yi miki albarka." Albarka tana ƙaruwa, Goggo tana raguwa. Shuɗiyar rigar da take so ta koma mata kamar an rataya a ƙusa. Almakashi ta karɓa ta rage mata inci biyu kowane gefe, ba ta kalli kowa ba.

Sai malamai suka taso. Uwar Biyu ta gidan gaba, matar mai gidan haya, da matata, duk sanannu ne a fagen tukunya. Suka cika kicin har ba wurin juyawa.

"Ki zuba ruwa daidai," in ji Uwar Biyu.

"Daidai nawa?"

"Daidai dai."

"Sai ki bari ya ɗan yi," in ji matata.

"Ya ɗan yi minti nawa?"

"Ke kam! Ai hannu ne ke sani."

Almakashi ta ajiye ludayi. "To tunda hannunku ya sani, kowacce ta dafo wa Inna gobe. Ba gishiri, ba dunƙule."

Washegari kwano uku suka iso da fankama. Ni aka naɗa mai ɗanɗanawa, don an san ba na gudun sadaukar da kai. Na Uwar Biyu kamar ruwan wankin kwano da aka ɗumama. Na matar mai gida barkono ta antaya don ta rufe asiri, sai da kunnena ya yi fito. Na matata kuwa, nan zuciyata ta karye. Shekara goma sha biyu ina yabon girkin baiwar Allahn nan a tasha, ashe gishiri nake yabo. Da ta tambaye ni ya na ji, na ce, "Kwanon ya yi kyau." Kwana uku ba ta amsa min sallama da daɗi ba.

Ranar na gane wani abu. Girki kamar tuƙi ne. Tambayi direba goma, kowa zai ce shi gwani ne, sauran taran ne 'yan koyo. Tambayi mutum goma ko sun iya girki, haka za ka ji. Ɗauke musu robar gishiri ka ga ikon Allah.

Kwana goma sun wuce, Goggo ta daina fitowa benci. Ina shagon rannan wata kwastoma ta shigo da yadi tana sauri ta ce, "Ba sai kin auna ni ba, ki ɗinka min daidai kawai."

Almakashi, da fil a bakinta, ta ce, "Daidai ba awo ba ne, Hajiya. Ɗaga hannu."

Sai ta tsaya cak. Ta cire fil. Ta bar matar da hannu a sama kamar an ce mata ta miƙa wuya, ta wanke tef ɗinta da sabulu, ta tsallaka titi. Ni ma na bi, ina zan bar wannan?

Mai Ludayi tana shirin ɗora shinkafa. Almakashi ta ce, "Mai Ludayi, don Allah ruwan nan ya kike gane ya isa?"

"Da yatsa. In taɓa saman shinkafa, ruwa ya kawo min gaɓar farko."

"Kawo yatsan."

Wallahi a gaban jama'a ta auna gaɓar yatsan Mai Ludayi. Inci ɗaya da kwata. Ta tsoma tef a tukunya ta tabbatar. Wannan shi ne shigar tef tukunya da ake ta surutu. Ta auna abin da tafin hannun Mai Ludayi ke ɗiba da cokali, ta kunna agogon waya tun daga tafasa har saukewa, tana rubutawa a littafin da take rubuta ƙugun mutane. Mai Ludayi tana dariya har da hawaye. "Shekara talatin ina girki, yau na san tsawon yatsana."

Mace ce mai kirki, ta san za ta rasa kula huɗu a rana, amma ta ce, "Tunda don tsohuwa ne, zo ki gani. In ba gishiri, albasa ce gishirinki. Ki soya ta a ƙaramar wuta, kada ki yi gaggawa, sai ta yi kalar nan. Tafarnuwa da citta su biyo baya, lemun tsami kuma sai kin sauke."

"Wace kala?"

"Wannan dai da kike gani."

Almakashi ta aike ni shago in kawo buhun ƙyallaye. Ta yi ta ɗora su ɗaya bayan ɗaya kusa da kasko, har ta sami wani ruwan ƙasa-ƙasa, ragowar wandon wani malamin makaranta. Ta kafa shi da fil a bangon kicin. Har yau yana nan. Albasar gidan ba ta sauka sai ta yi kalar wandon malam.

Abu na biyu da ta yi ya fi wannan wayo. Ta daina kai wa Goggo abinci, ta koma kai mata gwaji. 'Yar tukunya, cokali uku, ta durƙusa da littafi ta ce, "Inna, wannan ba abinci ba ne, gwaji ne. Ina ya matse ki, ina ya yi miki yawa?" Goggo in abinci ne kunya take ji. In gwaji ne kuwa, ai ta shekara ashirin tana kallon kwastomomi suna tsiya, ta san hakkinta.

"Tsamin ya yi tsawo, a rage."

"Kifin fa?"

"Kifin ya zauna. Dankalin ne bai kai ba."

Ba kyauta abin ya zo ba. Kullum da safe shago a rufe awa biyu. Kwastoma biyu suka ƙwace yadinsu suka kai wani wuri. Babban yatsanta ya ƙone, ta yi sati tana ɗinki da tsumma a ɗaure. Na ce, "'Yar Goggo, anya wahalar nan ta biya? Abin da Mai Ludayi ke miƙo miki a minti biyar?" Haɓa kawai ta yi min wajen ƙofa. Goggo ce a kan bencinta, tana tsare wani mai sayar da tsintsiya da gaisuwa.

Ranar komawa asibiti Babban Yaya ya iso da hantsi, da akwati wanda ba komai a ciki. Ya ajiye shi a tsakiyar shago, kowa ya san abin da yake nufi. Goggo ta shiga ɗaki sa shuɗiyar rigarta. Muna jira, muna jira. Can sai muka ji ta kira, murya a ƙasa, "Ke, zo. Zif ɗin nan ya lalace."

Almakashi ta shiga. Jim kaɗan ta fito da rigar a hannu, fuska ba yabo ba fallasa. Ta ja zif sama, ta ja ƙasa, lafiyarsa lau.

"Ba zif ba ne," ta ce wa Yaya. "Mai rigar ce ta ƙi shiga."

Ta zauna ta ɗauki reza ta farke gefe. Sai ga inci biyun nan da ta rage, a naɗe a ciki, ba ta yanke su ba. Ni na san Almakashi, in ta rage riga ragowar buhun ƙyallaye take tafiya. Goggo ta leƙo daga labule ta gani.

"Au, ba ki yanke ba?"

"In yanke in kai ina, Inna? Ai na san za ki dawo ki cika ta."

Wani abu ya faɗa min a ido, ƙurar zare ce, shagon tela ba ya rabo da ita. Yaya ma ta same shi, ya cire tabarau ya yi ta gogewa.

Sikelin asibiti ya faɗi abin da riga ta riga ta faɗa: kilo biyu da ɗori, jini ya sauka. Likita ya tambaya wa ke mata girki, na ce tef, ba wanda ya kula ni. Da muka dawo Yaya ya ci faranti biyu na shinkafa da kifi, ya ɗauki akwatinsa yadda ya kawo shi. A bakin mota ya ce ko Almakashi za ta rubuta wa mai aikinsa yadda ake yi. Ta yanko masa gefen wandon malam ta ce ya kai mata.

Kada in yi ƙarya sau biyu a labari ɗaya: Almakashi ba ta zama gwana ba. Abinci huɗu ta iya, su take juyawa, kuma in ka canja mata tukunya sai ta sake awo daga farko. Ranar da kwaɗayin gishiri ya taso mata, aike take yi wajen Mai Ludayi a ɓoye, ta ci a bayan madubi don kada Goggo ta ji ƙanshi. Amma benci yana da mai shi.

Ni kuma, da yake hanyar motata ta nan take bi, nakan tsaya da rana in duba lafiyar Goggo. In na tarar ana zuba abinci, ba na wulaƙanta tayi. Jiya ina sharce faranti na ce, "Kai, 'yar Goggo, abincin nan naki lami kamar nasiha. Mutum sai don zumunci yake cinsa. Yau inci nawa kika sa mana?"

Ba ta ɗago ba sai da ta gama layin da take ɗinkawa. Ta taso, ta zaro tef daga wuya, kafin in ankara ta zagaye cikina da shi.

"Bara da na ɗinka maka wando talatin da huɗu kake. Yau talatin da takwas." Ta ƙara matse tef ɗin. "Ɗan Kawu, bakinka ya daɗe yana ƙarya, amma tumbinka bai koya ba tukuna. Wanke farantin kafin ka fita, kuma daidai nake so."