Alawayyon da Ustad Inayat Ya Kalmashe

Ustad Inayat ne mai yanka a gidan ɗinkin Bajwa da ke Gulberg, a nan Lahore, tun zamanin Begum Bajwa, mahaifiyar mai gidan ta yanzu. Ni ne akawun wurin, shi ya sa ake ce mini Munshi-ji. Teburina yana bakin ƙofar ɗakin aiki, don haka yawancin abin da zan faɗa a kansa a gabana aka yi.

Gajere ne, siriri, kullum tef na rataye a wuyansa, da guntun sabulu a aljihu wanda yake zane da shi a maimakon alli. Duk rigar da aka miƙa masa, sai ya juya cikinta kafin ya kalli wajenta. In ya ga zare ɗaya yana reto ba ya faɗa, mayar wa telan kawai yake yi ya ci gaba da aikinsa, telan kuwa ya yini bai haɗa ido da kowa ba. Idanunsa sun fara rauni. Yana ɓoyewa, mu ma muna taya shi ɓoyewa. A gidansa na Ichhra akwai 'yarsa da mijinta ya rasu, da 'ya'yanta, duk daga teburin yankan nan suke ci. Ya sani sarai in ya sauka daga teburin, babu gidan da zai ɗauki tsoho mai zura allura da lalube.

Yana da wani aikin da ba a biyansa. In an yi rasuwa a unguwarsu, shi ake kira ya yaga likkafani. A wajenmu ba a ɗinka shi, ba a kalmashe bakinsa. Da hannu ake yaga farin alawayyo, ƙyalle uku na namiji, biyar na mace. Duk ranar da ya makara ba ma tambayarsa, in ban da Gulzar mai guga.

"Ustad-ji ya je wajen masu kayan da ba sa dawowa su ce a rage musu," in ji Gulzar.

"Kai ma ina riƙe da awonka," in ji Ustad. "Sai dai tumbin nan zai sa a ƙaro yadi."

Begum ta rasu 'yarta Sundus tana ƙasar waje tana karatun tsara tufafi. Kafin jirginta ya sauka an riga an rufe uwar. Ta karɓi gidan, ta ci gaba da kayan amare domin su ne ke riƙe mu, amma hankalinta yana kan makon nunin tufafi, inda masu tsara kaya ke fito da sabon aikinsu a jikin 'yan mata a kan dandamali, manyan 'yan kasuwa da 'yan jarida na kallo. Bara aka ba ta gurbi karo na farko.

Abin da ake yayi a shekarar shi ne kayan da kamar ba a gama su ba: ɗinki a waje, hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo, kafaɗa ta miƙe kamar fiffike. Ustad ya yanka duka yadda ta zana, yana gunaguni ƙasa-ƙasa.

"Da a zamanin Begum na goge wannan na miƙa mata," in ji Gulzar, yana ɗaga wata riga mai hannu ɗaya, "da yanzu ina tasha ina tallar gyaɗa."

Sai aka zo kan kayan rufe nuni, waɗanda su kowa ke tafiya da su a ka. Sundus ta shigo da bandir na farin alawayyo. Ba ta miƙa wa kowa ba. Da hannunta ta yaga, ƙyalle biyar, ta naɗa a jikin gunkin gwaji, ɗaya ta lulluɓa a kai, ta ɗaure da tsumma a wuri uku. Kekunan ɗinki suka yi shiru ɗaya bayan ɗaya.

"Bibi," in ji Ustad, don haka yake kiranta saboda girmamawa, "bar ni in kalmashe bakin."

"A'a, Ustad-ji. Haka za su fita."

"Zaren zai zube."

"So nake ya zube."

"To ko ɗan ɗinki ɗaya a kafaɗa, inda ba a gani."

"Ko allura kada ta taɓa su," ta ce, ta fita tana amsa waya.

Da aka tashi shan shayi ya zo teburina ya tsaya, kofin yana hannunsa bai kai baki ba.

"Munshi-ji, yarinyar nan ba ta san abin da ta yi ba. Ta daɗe a ƙasar mutane, ko wankan uwarta ba ta gani ba. Ina za ta sani?"

"Sai ka faɗa mata," na ce.

"Da wane bakin? In kira sunan abin nan a gabanta, a gidan da aka yi rashi? Kuma mai rai ce za ta sa. Ba a ambata wa mai rai."

Mai ran ita ce Alishba, doguwar yarinya mai yawan dariya da ta saba nuna kayan gidanmu. Ta zo gwaji da ledar jalebi, wani soyayyen kayan zaƙi, ta tura wa Ustad, wanda take kira Chacha, wato kawu. "Chacha, ci nawa rabon. Ni an hana ni har sai an gama, ko ƙamshi ma a ɓoye nake shaƙa." Ta ɗaga hannuwa, Sundus ta naɗe ta, ta rufa mata kai, ta ja ɗaurin ƙarshe. Alishba ta lumshe ido don a gyara mata lulluɓin. A nan Ustad ya zubar da allurai daga bakinsa a tafin hannu, ya fita tsakar gida.

Ranar nuni ni aka tura otal ɗin da za a yi taron da sassafe da kashin farko na kayan. Abin da ya faru a ɗakin aiki daga bakin Gulzar na ji. Ustad ya sauke ƙyallayen daga jikin gunkin, ya zauna bakin taga inda haske ya fi, ya kalmashe su baki huɗu-huɗu, da hannu, fuskarsa kamar za ta taɓa yadin. Da ya gama ya miƙa a goge.

"Ustad-ji, tare za a kore mu," in ji Gulzar. "Ni kuma matata ba ta jin bayani."

Ustad ya karɓi dutsen gugar ya danne kalmasar da kansa, ya naɗe, ya rufe jaka, ya ba direba.

Bayan dandamali babu wurin aje ƙafa. Masu kitso, masu kwalliya, 'yan mata na canja kaya a tsaye, wata mata da na'ura a kunne tana kiran sunaye. An riga an saki kiɗa, kayanmu sun fara fita, sannan aka buɗe jakar. Sundus ta ɗaga ƙyalle ɗaya ta bi bakinsa da yatsa. Ba ta ɗaga murya ba. Ta karɓi reza a hannun wani tela ta fara warwarewa, amma ɗinkin Ustad ƙanana ne kamar ƙwayar riɗi, inda ta warware kuma ga layin guga, ga hujin allura. Ta jefar da rezar.

"Naɗa mata haka," ta ce.

Ta tsagar labule na ga Alishba ta fita. Yadin da ya kamata ya bi iska, zarensa na zuba a bayanta, sai ya sauka sambal, mai nauyi, tsaf-tsaf, kamar ta yafo zanen gadon otal ɗin. An tafa, irin tafin da ake yi don kada a ji kunya. Masu rubutu a jaridu suka ce sabuwar mai tsara kayan ta fara da ƙarfin hali, ta ƙare da tsoro. 'Yan kasuwar da muka sa rai za su leƙo ɗakinmu suka wuce na gaba.

Washegari Ustad ya riga kowa zuwa. Ya share teburinsa, ya aje almakashinsa a tsakiya, ya tsaya. Sundus ta shigo da sabon bandir a kafaɗa, ta dire a gabansa.

"Me ya sa, Ustad-ji?"

"Bibi, ke yarinya ce, ba ki san..."

"Likkafani ne," ta ce. "Na sani. Ƙyalle biyar. Har wajen mai wankan mata na je ta nuna mini yadda ake ɗaurawa."

Ustad ya dafa tebur.

"Kai ka yaga na Ammi, uwar da ta haife ni. Kowa a ɗakin nan ya ga an fita da ita, ban da ni. Abu ɗaya na so in yi mata da hannuna, a gaban jama'a, ka mayar mini da shi zanen gado. Da ka tambaye ni."

"Ba a sa wa mai rai," ya ce, muryarsa ta yi ƙasa.

"Wannan tsakanina da Allah ne, ba da kai ba. Za a sake ɗaukar hoto, Alishba ta yarda. Ga yadi. Ko ka yaga yanzu a gabana, ko ka ɗauki almakashinka ka je gida. Ba zan iya aiki da mai yankan da zan riƙa buɗe jaka a bayansa ba."

Ya daɗe a tsaye. Na ga ya kalli almakashin, ya kalli ƙofa. Sannan ya ja bakin bandir ɗin, ya auna daga hanci zuwa yatsa ba tare da tef ba, ya kama da hannu biyu ya yaga. Ƙarar ta cika ɗakin. Leɓunansa sun fara motsi da addu'ar da ya saba yi a kan wannan aiki, sai ya datse su da haƙori, ya yaga na biyu. Da ya gama na biyar ya jera su, layinsu a miƙe, ya juya ya kama yankan wata rigar amarya.

Yana nan a teburinsa har yau. Sundus ba ta ƙara tayar da maganar ba, amma duk abin da ya fito daga hannunsa sai ta duba da kanta kafin a rufe jaka, yana tsaye yana kallo. Hotunan sun fita, ba su gyara abin da ya ɓaci a dandamali ba, sai dai sun jawo 'yan mata masu son abin da ba kowa ke sawa ba. Jifa-jifa wata takan aiko tana son irin kayan, kuma shi ake ba yadin.

Kafin ya taɓa shi yakan zo teburina.

"Munshi-ji, wannan ta wace ce?"

In faɗa masa sunan.

"Yarinya ce?"

In na sani in faɗa. Sai ya maimaita sunan a hankali, ya koma teburinsa. Jim kaɗan in ji ƙarar yagar farko.