Gawayin Samnu da Ilimin Jirgin Ƙasa

Ko na manta komai na zamana a Sabha, ranar da na koya wa direba lissafin dakon kaya tana nan daram a raina.

A shekarun da Libya ta buɗe ƙofa ana ta waƙar Afirka ɗaya ce na isa can, niyyata Tarabulus. Wata takwas ina kwaɓa siminti a unguwar Gurda, har kuɗin mota suka kusa cika. Amma ni ɗan akawun awo ne na tashar jirgin ƙasa a Kano. Na girma ina jin Baba yana bayanin yadda ake cajin taragon kwal daga Inugu, da nauyi da nisa. Wannan ɗan abin da na tsinta a gindin tabarmarsa ya kumbura mini kai, har abokan ɗaki suna kirana Manajan Reluwe. Ban gane tsiya suke mini ba.

Da sanyi ya gabato, na ga masu gahawa da shisha suna neman gawayi ido rufe. Na ɗaga buhu ɗaya a wani shago, na ji shi sakayau. Nan take na kwashe kuɗin Tarabulus kaf, na nufi gonakin Samnu, inda wani dattijo mutumin Tawa yake ƙona itacen da aka sassare. Na zuba mafi yawan kuɗin a gawayinsa.

Na sami wani Balarabe mai a-kori-kura, ya faɗi kuɗinsa na sahu ɗaya, kuma wallahi da sauƙi. Ni kuwa na gyara tsayuwa na ce a'a, a ƙasashen da suka san sufuri da nauyi ake biya. Na yi masa lacca kan kwal da tarago, a garin da ko taƙi ɗaya na layin dogo babu. Ya dubi buhunan, ya ɗan taɓa ɗaya da ƙafa, ya ce da guntuwar Hausarsa, "Bahi. Kilo kilo. Kai mudir." Wato ya yarda, ni ne manaja.

Dattijon ya jawo hannun rigata. "Ɗiyana, amshi sahun da ya ce maka. Gawayin ga..."

"Baba, bar mini wannan, fannina ne," na katse shi.

Ya sake ni, ya ce Allah shi ba da sa'a. Aka yi lodi ina tsaye a inuwa da biro da takarda. Manaja ai ba ya ɗaukar buhu.

Sai da muka dawo Sabha, a sikelin masu hatsi na unguwar Mahdiya, na ga allura tana wuce inda na zata. Buhu na biyu ma haka. Na ce sikelin nan da magana. Mai sikelin ya nuna mini bayan motar, inda baƙin ruwa yake ɗiga. Ashe da asubar ranar aka kashe wutar gawayin da ruwan rijiya, ya sha ya ƙoshi. Abin da dattijo ya so faɗa mini ke nan. Na biya fiye da ninkin kuɗin sahu, direban yana ta sa mini albarka.

Masu gahawa kuma suka ce ba sa sayen jiƙaƙƙe. Na shanya shi a saman ɗakinmu kwana tara, ya koma sakayau kamar yadda na san shi, su kuma da kilo suke saye. Na yi dakon ruwa daga Samnu, rana ta shanye abinta kyauta.

Ranar da abokan ɗakina suka hau motar Tarabulus ni na ɗora musu jakunkuna, baƙin gawayi bai gama fita daga farcena ba. Na yi dariya da su, na koma ɗaki na yi kuka. Ban taɓa ganin Tarabulus ba har yau.

Baba ya san farashin kwal ne don yana tsaye a kan sikeli kullum, ni labarin kawai na gada. Tun daga ranar ba na yanke wa kaya kuɗi sai na ɗaga shi da hannuna, kuma in babba ya fara magana, sai ya kai ƙarshe nake buɗe baki.