Wuƙar Yaya Yusha'u

Duk wanda ya saba bi ta Unguwar Shanu ya san yayana Yusha'u, ko da bai san sunansa ba. Shi ne siririn mutumin nan mai ɗinkin kushin a bakin titi, wanda kullum da ɓurɓushin soso a gemunsa. Siriri na ce, kuma a riƙe wannan, domin mutumin da aka yi wa shaidar sanin duk lungun da ake dafa abu mai daɗi a Kaduna, in ya juya gefe sai ka neme shi ka rasa. Innarmu, Allah ya jiƙanta, ta sha cewa ita dai ba ta san inda yake kai abin da yake ci ba.

Ni ce Aminatu, mai bi masa. Aure ya kai ni Rafin Guza, amma ƙafata ba ta taɓa ɗaukewa daga gidansa ba, kuma bakina ba ya shiru, wannan kowa ya shaida.

Tun yana saurayi Yaya yake da 'yan fitarsa. Akwai Audi, abokinsa tun firamare, direba a wata ma'aikata, shi ne mai motar da ake lodawa. Akwai Tanimu mai sayar da yadi a babbar kasuwa, mutum mai kunya kamar sabuwar amarya. Sauran ba sai na jero su ba. Ranar Asabar da an sallame la'asar Yaya zai ja ƙofar shago, ya yi wanka, ya sa kaftani mai guga, ya kafa hula, ya yi ta fesa turare har sai matarsa Safiyya ta fara atishawa. Can sai a ji hon ɗin Audi a ƙofar gida.

Inda za a je kuwa, Yaya ne mai faɗa. Ya san tsohuwar da ke toya masa da man shanu a Kawo. Ya san mai gasa kifi a kusa da kogi, ya san mai farfesun kayan ciki a Abakwa, ya kuma san wani mai balangu a gindin bishiya a Unguwar Rimi, wanda shi ne wurin zamansu na gaske. In wata ya ƙare sai su cika mota su nufi Zariya, ko Kano cin gurasa, ko Jos shan sanyi, su kwana gidan ɗan'uwan wani, su dawo Lahadi da yamma a gajiye, murya ta dushe don dariya, da tsarabar dankali da kilishi. Mu mata muna ta mitar yawon, muna kuma miƙa hannu muna karɓar tsaraba.

Yana da wata 'yar wuƙa mai ƙotar ƙaho, da kube da ya ɗinka mata da kansa daga ragowar fatar kushin. Ba ya yarda mai nama ya yayyanka musu. Sai ya ce, “Kawo shi a dunƙule.” Ya wanke hannu, ya jawo tire gabansa, ya shiga rabo. Kitse ya tura gaban Audi. Hanta da tsoka mai laushi gaban Tanimu. Mai son ƙashi ya ga ƙashi a gabansa, mai son wurin da wuta ta ɗan ƙona ya ga nasa. Yana yanka yana ba da labari, yana tsokanar wannan, yana kwaikwayon muryar wancan, su kuwa suna ci suna ƙwarewa.

Bayan isha zai dawo gida yana ƙamshin hayaƙi da yaji, ya cire hula, ya ce, “Safiyya, akwai sauran tuwo?” Farkon aurensu ta ɗauka zarin ci ne, har ta kawo min ƙara. Na yi dariya har da hawaye. Tun muna yara, in Inna ta haɗa mu kwano ɗaya, sai in tarar da naman ya gangaro gefena, shi kuma yana ta surutu kamar bai san an yi ba. Yaya ba ci yake fita yi ba. Daɗinsa ya ga baki yana motsi a kan abin da ya yanka.

Bara waccan ƙafafunsa suka fara kumbura. Ya ce tsayuwa ce, muka ce asibiti, ya ce gobe. Da goben ta zo aka ce hawan jini ne da ya daɗe, har ya taɓa ƙoda. Ya yi kwanaki a kwance, aka sallame shi da dokoki: ban da gishiri, ban da jan nama, ban da maiƙo, ban da yaji. Safiyya ta sa kuka. Shi kuwa dariya ya yi, ya ce, “To ai da sauƙi, ba a hana ni riƙe wuƙa ba.”

Da ya ɗan ji ƙarfi suka zo suka ɗauke shi, sau ɗaya tak. Shi ya ba ni labarin washegari. An kawo balangu, ya yanka, ya tura wa kowa nasa, ya ce bismillah. Ba wanda ya miƙa hannu. Ku ma kun san yadda aka rene mu: ba ka ci wani na kallonka ba ka yi masa tayi ba, kuma ta yaya za ka yi wa mutum tayin abin da likita ya ce zai kashe shi? Audi ya daure ya ɗauki yanka ɗaya, ya yi ta taunawa kamar an ba shi soso. Daga nan hira ta koma ta magani. Wannan ya ce zogale, wancan ya ce wani mai sassaƙe a Maraban Jos, wani ya kawo labarin kawunsa da ciwon ya yi ajalinsa, aka harare shi. Nama ya sandare, aka ƙunshe shi a takarda.

“Sun ji nauyina ne,” in ji Yaya. “Za su saba.”

Ba su saba ba. Sati na zagayowa Audi ya kira ya ce mota na gareji. Na bayansa kuma ya ce ai fitar ma sun ajiye ta gaba ɗaya, man fetur ya yi tsada, hanya ba lafiya, kowa ya girma. Yaya ya yarda, domin bai taɓa kama Audi da ƙarya ba. Amma wankan Asabar bai fasa ba. Ya sa kaftani, ya kafa hula, ya fesa turare, ya fito da benci ƙofar gida ya zauna, wuƙa a aljihu. In na tsokane shi na ce wa ake jira, sai ya ce, “Iska nake sha. Kuma kin san Audi, yana iya canza shawara.” Duk motar da ta karyo kwanar layin sai ya ɗaga kai. In aka kira magariba ya tafi masallaci, ya dawo ya ninke kaftanin.

Ba zan ɗauki alhakinsu ba, ba su yar da shi ba. Ranar Lahadi sukan zo dubiya da ledar kankana, su zauna a jere, murya ƙasa-ƙasa, “Ya jiki? Allah ya ƙara sauƙi.” In ya jawo abin dariya su yi murmushi irin na gidan makoki. Ni dai na lura Audi ba ya iya haɗa ido da shi, na kuma lura tumbinsa bai ragu ba.

Wata Asabar maganinsa ya ƙare, aka nema a unguwa aka rasa, na raka shi wani babban kemis a Unguwar Rimi. Magariba ta same mu a can, ya yi salla, muka tari keke napep. Har mun ɗau hanya ya taɓa kafaɗar mai keken.

“Ɗan bi da mu ta layin can, in gaisa da mai balangu. Mutumin kirki ne, tunda su Audi suka daina zuwa ya yi rashin masu saye.”

Tun daga nesa na hango motar Audi. Na so in ce wa mai keke ya wuce, bakina ya ƙi buɗuwa, karo na farko a rayuwata. Suna nan a gindin bishiyar, ƙarƙashin fitila, su duka, an kewaye tire, Audi ya ƙyalƙyale da dariya har yana dukan cinya. Yaya ya sauka a hankali, yana dafa ƙarfen keken.

Tanimu ne ya fara ganinsa. Ya zabura ya jawo takardar ƙunshin nama ya rufe tiren. Wani ya sa ƙafa ya tura shi ƙarƙashin benci. Audi ya miƙe yana goge hannu a bayan riga, leɓensa na ƙyalli da maiƙo. Manya-manyan magidanta, masu furfura, suka yi tsuru-tsuru kamar yaran da aka kama a tukunyar miya.

Yaya ya yi sallama, ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya ba su hannu.

“Wallahi wucewa muka zo yi,” in ji Audi, “sai muka ce bari mu ɗan zauna.”

“Ni ma wucewar ce,” in ji Yaya.

Sai ga mai balangu ya taso da murnarsa, bawan Allah bai san abin da ake ciki ba. “Maigida! Ashe rai kan ga rai! Duk sati sai na tambaye ka, su ce kana hutawa. Tunda ka daina zuwa ni nake yanka musu, kuma ba ya kai naka.”

 Ni kuwa jinina ya gama tafasa, na gyara mayafi zan sauke musu abin da ke cikina. Yaya ya dube ni, irin kallon da yake min tun ina ƙarama in zan yi rashin kunya a gaban baƙi.

“Aminatu, mu je, dare na yi. Ku ci abincinku kar ya huce.”

A cikin keke na yi ta zuba. Na ce munafunci ne, na ce cin amana ne, na ce abin da ba zan maimaita a nan ba. Shi kuwa yana kallon fitilun titi, ledar magani a cinyarsa. Sai da muka kusa Unguwar Sarki ya yi magana.

“Kin ga abin da ke gaban Tanimu kafin ya rufe?”

Na ce ban gani ba, ban kuma damu in gani ba.

“Kitse ne. Tanimu ba ya cin kitse, tayar masa da zuciya yake yi. Kunya ce ba ta barinsa ya faɗa. Duk watannin nan haka yake haɗiyewa ke nan.”

Nan na fashe da kuka, har mai keke ya waiwayo yana ba ni haƙuri. An rufe masa tire a fuska, an shafe watanni ana yi masa ƙarya, shi kuma abin da ya tsaya masa a rai cikin Tanimu ne. Ban taɓa jin zuciyata ta karye irin ta ranar ba.

Asabar ta gaba na je da wuri. La'asar ta wuce, Yaya na zaune da singileti a tsakar gida, bai ce a kai masa ruwan wanka ba. Ya miƙo min wuƙar cikin kubenta.

“Kai wa Audi. Ki ce kitse nasa ne shi kaɗai. Tanimu hanta da tsoka, a yanka masa ƙanana saboda haƙorinsa.”

“Yaya, me zai hana ka gaya musu kai dama can ba ci kake yi ba?”

“In na faɗa za su zo su ɗauke ni don tausayi, su ci don su faranta min. Na ga yadda Audi yake tauna rannan. Bar su su ci abinsu da daɗi.”

Na sami Audi a ƙofar gidansa yana wanke mota. Na tanadi maganganu tun daga hanya, amma yana ganin kuben ya saki tsumman hannunsa, idanunsa suka kawo ruwa. Na isar da saƙon yadda aka ba ni.

“Aminatu, wallahi ba gudunsa muka yi ba,” in ji shi. “Loma ce ba ta wucewa. Yana zaune yana kallo, ya za mu ci?”

“Yaya Audi, tsakaninka da Allah, duk shekarun nan da kuke fita, me ka taɓa gani ya ci?”

 Na ga yana lalube a ransa, daga Kawo zuwa Zariya zuwa Jos. Can ya zauna a kan bokitin da ya kife, ya dafe kai. Na juyo na bar shi a nan.

Ban daɗe da komawa ba muka ji hon a ƙofar gida, irin na da. Safiyya ta miƙe da sauri za ta ɗauko kaftani. Yaya ya ce ta zauna, ya aika a ce ya kwanta. Audi bai tafi ba. Ya yi magariba a masallacin layin, ya dawo ya zauna a mota. Yaya na ɗaki a bakin gado, fitila a kashe, kunnensa na waje. Yana jin duk buɗe ƙofar motar da rufe ta. Na shiga na roƙe shi, Safiyya ta roƙe shi, ya ce mu ƙyale shi. Sai bayan isha muka ji an tayar da mota, ƙararta ta yi nisa har ta ɓace.

Ya ɗan jima a zaune. Sannan ya fito tsakar gida, a daidai lokacin da ya saba dawowa, ba hula, ba ƙamshin hayaƙi, ya tsaya a bakin ƙofar kicin.

“Safiyya,” ya ce, “akwai sauran tuwo?”