Likita Bahauddeen, Wanda Ya Maido Mini da Hannuna

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. A ranar Talata, 12 ga watan Agustan 2025, Allah Ya karɓi ran Likita Bahauddeen Muntaka, likitan dabbobi a Karaye, a kujerar bayan wata mota a kan hanyar Kano. Ina gona a Rogo Ruma, da yake muna hutun makaranta, Haidar tela ya kira ni. Ko gaisuwa bai tsaya yi ba. Ya ce, "Malam Sabi'u, in kana tsaye ka zauna. Likita ya rasu. Maciji ne."

Na daɗe ban iya rubuta komai ba. Da na zauna rubutun kuma sai na tarar ba yabo kaɗai ke bakina ba. Ka yi haƙuri, Likita. Kai ba ka son magana mai ɗaci, ni kuwa da ita nake kwana nake tashi tun da ka tafi.

Wanda bai san ka ba zai so ya ji yadda muka haɗu. Shekarun baya na faɗi da babur a hanyar Rogo, hannuna na hagu ya karye. An yi ɗori ƙashi ya kama, amma yatsun suka sandare, ko maɓallin riga ba na iya sawa. Ka zo gidanmu yi wa shanun mahaifina allura, ka ga ina riƙe igiya da hannu ɗaya. Ka kama hannun ka jujjuya shi kamar yadda kake duba ƙafar maraƙi, sannan ka ce, "Ka zo Karaye ranar Asabar bayan la'asar. Ina da magani."

Na zaci man shafawa ne. Da na shiga soronka sai na tarar da fiyano a kan tebur an jona shi da batirin mota, ga wani dattijo zaune a gabansa yana gumi, ga wani saurayi da awon tela a wuya yana kaɗa masa kai. Dattijon shi ne Baba Ja'afar, wanda ya yi ritaya daga sakatariya. Saurayin shi ne Haidar. Na kusa juyawa. Ka ce in zauna tukuna in ji.

Ba irin kiɗan fiyanon da muka saba ji a waƙoƙin biki da na siyasa ba ne. Ka ce tsohon kiɗan Turawa ne na wajen shekara ɗari uku da suka wuce, ana ce masa barok, kuma ka koye shi ne lokacin bautar ƙasa a Kudu, wurin wani tsoho da ka zauna a gidansa. Abin da ya bambanta shi, in ji ka, shi ne hannun hagu ba ɗan rakiya ba ne. Dama ta faɗi maganarta, hagu ta amsa da tata, su yi ta bin juna har su sauka tare. Ka ce, "A nan ba a barin hannu ɗaya ya yi lalaci, Malam Sabi'u. Ko dai ya tashi, ko kiɗan ya tsaya."

Haka na zama na huɗunku. Babu gwani a cikinmu, har kai. Akwai wani wuri a cikin kiɗan da ka fi so wanda kullum in ka zo sai yatsunka sun harɗe. Sai ka ɗaga hannu ka yi dariya ka ce, "Na sake faɗawa ramin nan." Baba Ja'afar ya ce, "Ai bara tun daga nesa kake faɗawa, bana sai da ka zo bakinsa." Ƙa'idar da ka kafa mana ke nan: duk wanda ya tashi daga kujera, sai an fara gaya masa abin da ya gyaru kafin a taɓo abin da ya ɓaci. Ban taɓa jin ka ce wa mutum ya yi kuskure ba. Cewa kake, "A sake, a hankali. Ba wanda ke jiran mu."

Baba Ja'afar ya shekara biyu a kan ɗan gajeren kiɗa ɗaya, ga sanyin ƙashi a yatsu. Ya sha cewa ya bari, tsufa ya ci shi. Duk ranar da bai zo ba sai ka hau babur ka je ka ɗauko shi. Haidar kuwa gaggawa ce matsalarsa, yana kiɗa kamar yana taka keken ɗinki ana gobe Sallah, kai ne kake zama gefensa kana buga masa cinya da tafin hannu don ya daidaita. Ni da ke nesa, a tsakiyar mako sai in ɗauki abin da na gwada a ɗan ƙaramin fiyanon yara da ka aro mini in turo muku ta waya. Ko kana ruga cikin shanu sai ka saurara ka amsa, ina jiyo kukan maruƙa a bayan muryarka.

Ranar da hannuna na hagu ya kai kiɗa ƙarshe ba tare da ya tsaya ba, tashi ka yi ka leƙa cikin gida ka ce wa matarka Laure ta dama fura da yawa, yau akwai walima. A damunar wannan shekarar na koma riƙe fartanya da hannu biyu. Da wannan hannun na ɗauki ɗiyata ranar sunanta. Da shi kuma na kama makararka.

Mutanen gari ba su bar ka ka huta ba. Wasu suka ce kiɗan coci kake koya wa 'ya'yan Musulmi. Wasu suka ce boko ne ya taɓa ka. Aka riƙa kiran soronka da sunaye a majalisa. Ni ba malamin addini ba ne, ba zan shiga saɓanin malamai a kan kiɗa ba. Abin da na gani da idona shi zan faɗa: ba a taɓa kiran sallar magariba fiyanon nan yana kunne ba, kuma kai ne kake riga mu zuwa sahu. Waɗanda suke zagin naka, in saniyarsu ta kasa haihuwa ƙofarka suke bugawa, kuma ban taɓa ganin ka ƙi fita ba.

Bappa, makiyayin Kurugu da ka je duba wa garke, shi ya ba ni labarin yadda abin ya faru. Da safiyar Litinin kuna ratsa ciyawa zuwa wurin wata saniya da ta kwanta, kububuwa ta sare ka a idon sawu. Ka gane ta, ka san abin da take yi wa jini, ka gaya wa Bappa sunan allurar da za a nema. Ya goya ka a babur. Asibitin farko da kuka je suka ce ba su da ita, amma suka riƙe ka suka sa maka ruwa har yini ya tafi. Wuri na biyu suka ce akwai, sai dai mai mukullin ɗakin magani ya yi tafiya, a jira shi. Aka jira. Da gari ya waye jini yana fita ta dasashinka, sannan aka ce a wuce da kai Kano. Bappa ya ce a mota kai kake ba shi haƙuri, kana cewa, "Kar ka yi kuka, Bappa. Ka dai tuna saniyar nan ba a yi mata allurar ba."

Na san ajali ba ya jinkiri, na yi imani da haka. Amma ajali daban, sakaci daban. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana yawo da akwatin allura daga ruga zuwa ruga don kada dabbar wani ta mutu, shi ne aka rasa wa allura ɗaya. Har yau babu wanda ya zo ya ce wa iyalinka mun yi kuskure.

Sai kuma abin da ya biyo baya. Kafin a kawo gawarka, baffanka Alhaji Ɗantala ya sa aka fitar da fiyanon daga soro, wai kada masu gaisuwa su gani a ji kunya. Aka jingine shi a bayan gida kusa da turken awaki. Laure tana ɗaki cikin takaba, ba ta sani ba. Mu kuma mun ɗauka an shigar da shi ciki ne. Ruwan Agusta ya yi ta sauka a kansa har aka tashi daga zaman makoki. Da Haidar ya gano shi ya ɗaga, ruwa ne ya zubo ta tsakanin haƙoransa da ake dannawa, takardun kiɗanka kuma awaki sun cinye rabi. Mun shanya shi, mun kai wa mai gyara a Kano, ya ce babu abin da zai iya yi.

A wurin zaman makokin nan, ina zaune a kan tabarma, wani da ka taɓa ceto masa bijimi ya ce, "Mutumin kirki ne, Allah dai Ya yafe masa shiriritar nan tasa." Aka amsa da amin. Baba Ja'afar ya miƙe da ƙyar ya sa takalmansa. Na bi shi waje na tarar da shi ya dafa bango. Ya ce, "Sabi'u, shekarata saba'in, ba a taɓa zama an saurare ni ba sai a soron nan." Tun daga ranar bai sake fitowa ranar Asabar ba. Na je in ɗauko shi kamar yadda kake yi, ya ce in bar shi tukuna.

Ya Allah, ga bawanKa Bahauddeen ya zo gare Ka. Ka san shi fiye da yadda muka san shi, Ka kuma fi mutanen garinsa adalci. Ka gafarta masa, Ka yalwata kabarinsa, Ka karɓi wahalar da ya sha a hanya a matsayin kaffara, Ka saka masa da Aljannar Firdausi. Ni kuma Ka sanyaya mini zuciya, don har yanzu ban iya yafe wa wasu ba, kuma ba zan yi ƙarya a gabanKa in ce na yafe ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga mahaifiyarka Hajiya Khadijatu, da matarka Laure, da 'ya'yanka Siddiqa da Ummi, Allah Ya ba su haƙuri Ya raya abin da ka bari. Ina yi wa Bappa da makiyayan Kurugu gaisuwa, su da suka zo jana'iza a ƙafa cikin ruwa. Mu ukun nan kuwa, ni da Haidar da Baba Ja'afar, babu wanda ya ga ya dace ya yi mana gaisuwa, don haka na yi mana da kaina. Allah Ya ba mu haƙurin rashinka, Likita. Allah Ya jiƙan ka.

Sabi'u Yelwa, Rogo Ruma.